Ladan Hannu: Haƙƙin Da Muke Tauyewa A Bakin Rumfa

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana daram har muka daina ganin muninta. Magidanci zai shiga babban kanti, ya ɗauki kayan da inji ke buga dubunsu a yini guda, ya dubi kuɗin da aka liƙa a jiki, ya biya bai ce uffan ba. Da ya fito ya tarar da tsohuwa ta baje faya-fayai da tabarmi a gefen hanya, ko baduku ya jera takalma da jakunkuna a rumfar baje koli, sai gwanintar ciniki ta motsa. A ce masa dubu biyar, ya taya dubu da ɗari biyar. A ce albarka, ya juya kamar zai tafi, ya dawo, ya juya kayan ya ce ɗinkin ya karkace, launin ma ba wanda yake so ba ne. Haka zai yi ta jan zance har mai kaya ya sallama da muryar da duk mai kunne ya san ta gajiya ce. Sannan ya koma gida yana ba iyalinsa labarin yadda ya iya ciniki.

Matsayinmu a kan wannan a fili yake. Aikin da hannu ya zuba a cikin fata, ko zare, ko kaba, ko yumɓu, dukiya ce mai ƙima a idon shari'a, kamar yadda fatar da zaren suke dukiya. Abin da ya lalata cinikin kayan hannu a kasuwanninmu shi ne ɓangarorin biyu duk sun daina kiran wannan lada da sunansa. Mai saye yana yin kamar babu shi, mai sayarwa kuma yana jin kunyar faɗinsa, sai ya cusa shi a cikin rantsuwar ƙarya a kan uwar kuɗi. Kowane ɓangare da nasa laifin, kuma za mu faɗa wa kowa nasa.

Musulunci bai taɓa ɗaukar mai sana'ar hannu ƙaramin mutum ba. Annabi Dawud (Alaihis Salam), yana sarki, sulke yake ƙerawa, kuma Bukhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya (Alaihis Salam) masassaƙi ne. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (Allah Ya yarda da ita) tana aiki da hannunta tana sadaka da abin da ta samu, kuma masu tarihi sun ambaci cewa jima da ɗinkin fata take yi, wato dai sana'ar da muke kira dukanci. Labarin da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na Khabbab ɗan Aratt, maƙeri a Makka. Ya yi wa Al-As ɗan Wa'il aiki, ya je karɓar haƙƙinsa, attajirin ya ce ba zai biya ba sai ya kafirce, ya ƙara da izgilin cewa idan an tashe su a lahira zai biya shi daga dukiyar da za a ba shi a can. A kan wannan ne ayoyi suka sauka a ƙarshen Suratu Maryam. Mai dukiya ya riƙe ladan maƙeri, al'amarin ya zama abin da ake karantawa a salla har a tashi duniya.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa ribar da mutane ke samu ƙimar aikinsu ce, ya kuma buga misali da sassaƙa da saƙa. A cikin kujera akwai itace, a cikin zane akwai zare, amma aikin da aka zuba ya fi su yawa, don haka mafi yawan ƙimar tana komawa gare shi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin babbar riga a Zariya, ya ga yadda aska takwas ke cin makonni da ido da gadon baya, ba ya buƙatar wani ya fassara masa wannan magana. Haka wanda ya leƙa marinar Ƙofar Mata ya ga sau nawa ake tsoma zane a karofi a ɗaga shi ya sha iska kafin baba ya kama, sannan a kai shi mabuga. Kano da Bature Heinrich Barth ya tarar a 1851, wadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus, hannun masaƙa da marina da dukawa ne ya gina ta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, a cikin wajibban shugaba.

To, mu fara da mai saye, domin shi ne ya fi yawa a cikin masu karanta wannan shafi.

Tayi halal ne. Ba mu ce kowa ya biya abin da aka fara faɗa masa ba, kuma kasuwar Hausa a kan taya da albarka da sallama ta ginu, mai kaya ma ya san haka shi ya sa yakan bar wurin ragi. Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) da kansa ya yi cinikin raƙumi da Jabir. Sai dai yana da kyau mu tuna yadda cinikin ya ƙare: da suka iso Madina ya biya shi, ya ƙara masa, ya kuma mayar masa da raƙuminsa. Abin da muke magana a kai shi ne inda tayi ya ƙetare iyaka ya zama abin da Alƙur'ani ya kira bakhsu, wato tauye wa mutane ƙimar kayansu. A surori uku, A'araf da Hud da Shu'ara'i, an kawo Annabi Shu'aibu (Alaihis Salam) yana hana mutanensa wannan, kuma an ambace shi daban bayan an gama maganar mudu da sikeli. Masu tafsiri sun faɗaɗa ma'anarsa ta haɗa da aibata kaya da rage musu daraja don a same su a banza. Mu a nan mun taƙaita tauye haƙƙi ga mai awo da ya buga gindin mudu. Mun manta da mai saye da ke ƙirƙiro aibin da shi kansa bai yarda da shi ba. Idan ka ce ɗinkin ya karkace alhali kana ganinsa a miƙe, ƙarya ka yi don neman dukiya, kuma sunanta bai canja ba don kai ne mai riƙe da kuɗi.

Za a ce ai ta sallama, kuma Suratun Nisa'i ta rataya halaccin ciniki a kan yardar juna. Gaskiya ne, cinikin ya ƙullu, babu alƙalin da zai warware shi. Amma wace irin yarda ce? Matar da ta ɗauko tukwane daga ƙauye tun asuba, la'asar ta yi, ba ta da kuɗin motar komawa da su, kuma randa ba abin da ake yawo da shi ba ne, idan ta sallama a rabin kuɗi ta zaɓi ƙaramar asara ne a kan babba. Malamai sun yi magana a kan cinikin wanda buƙata ta matsa. Hadisin da Abu Dawud ya kawo a kai akwai magana a isnadinsa, amma Imam Khaɗɗabi ya bayyana cewa ko da cinikin ya inganta a hukunce, addini da mutunci sun hana a saya daga irin wannan mutum a wulaƙance, abin da ya dace a taimake shi. Akwai masu jira da gangan sai ranar rufe baje koli, lokacin da suka san mai rumfa yana lissafin kuɗin dako da na masauki, sannan su zo su kwashe kaya. Wannan dabara ce ta kasuwa, ba ma musu. Sai dai wanda ya yi ta ya daina tsammanin ya shiga cikin addu'ar rahamar da Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya yi wa mai sauƙin hali wajen sayarwa da saye da neman bashi.

Imam Gazali a Ihya'u ya ware babi a kan kyautatawa a mu'amala, ya ce daga cikinta akwai mai saye ya yarda a ɗan ci shi idan yana saye daga talaka ko mai rauni. Ɗabarani kuma ya ruwaito labarin sahabi Jarir ɗan Abdullah, wanda yaronsa ya tsayar masa da cinikin doki a dirhami 300. Jarir ya dubi dokin ya ce wa mai shi ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har ya saya a 800. Da aka tambaye shi dalili sai ya tuna mubaya'ar da ya yi wa Manzon Allah a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Ba mu wajabta wa kowa ya zama Jarir ba. Muna dai cewa wanda ya san hular da ke hannunsa ta ci mako biyu, ya kuma san mai ita ba ta san abin da ake sayar da irinta a birni ba, yana tsaye ne daidai inda Jarir ya tsaya.

Wannan ya kai mu ga mutanen da ke tsakani. Mafi yawan hulunan da maza ke ado da su ranar Juma'a mata ne ke ɗinka su a cikin gidaje, haka faifai da lefe da tabarma. Kayan ba ya isa kasuwa sai ta hannun dillaliya ko ɗan sari. Dillanci sana'a ce ta halal, Bukhari ya kawo cewa Ibn Abbas da Ibn Sirin ba su ga laifi a la'ada ba, har da a ce wa dillali ya sayar da riga a kaza, abin da ya hau nasa ne. Kuma dillali na gaskiya yana wahala: shi ke yawo, shi ke kai wanki, shi ke ɗaukar asarar abin da ya ƙi fita. Inda aka saɓa shi ne ɓoye farashi. Wanda aka ba kaya ya sayar a madadin mai shi amintacce ne, idan ya sayar dubu ashirin ya dawo ya ce dubu goma aka saya, ya ci amana, ba la'ada ya ci ba. Wanda kuma ke tare mata a bakin gari ranar kasuwa, ya saye kayan kafin su ji yadda ake ciniki, ya faɗa cikin abin da hadisan Bukhari da Muslim suka hana na tarbar fatake a hanya, kuma ruwayar Muslim ta ba mai kaya zaɓin fasawa idan ya iso kasuwa ya ga gaskiya. Hausawa sun daɗe da yi wa wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin takaicin shi ne sau da yawa gardin ɗan gida ne. Daga ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa masallaci, ba baƙon abu ba ne a ji miji ko ɗa ya karɓi hular matar gida ya kai kasuwa, ya dawo da abin da ya ga dama. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, kuma kai kaya kasuwa bai sa mai kai wa ya zama mai kaya ba.

Yanzu ga masu sana'a, kuma a nan za mu ɗan dakata, domin akwai wata mas'ala a littattafanmu na Malikiyya da ɗalibai ke wucewa da sauri alhali ita ce zuciyar lamarin.

Malamai sun raba ciniki ta fuskar farashi. Akwai musawama, wato cinikin taya da sallama, inda mai kaya bai ɗauki alkawarin faɗin abin da ya kashe ba. Akwai murabaha, inda yake cewa na kashe kaza, ka ba ni ribar kaza, shi kuwa ciniki ne na amana domin mai saye ya dogara da bakinsa. Ibn Rushd, a Bidayatul Mujtahid, ya taƙaita ra'ayin Imam Malik a kan abin da ake lissafawa a uwar kuɗi gida uku. Abin da ya bar alama a jikin kaya, kamar rini da ɗinki, ana lissafa shi a kuma ɗora masa riba. Abin da bai bar alama ba amma dole a biya wani, kamar dako daga gari zuwa gari da hayar ɗakin ajiya, ana lissafa shi ba tare da riba ba. Abin da mai kaya ya saba yi da kansa, kamar naɗewa da ɗaurewa, ba a lissafa shi. Mukhtasar na Khalil ya jero ayyukan gida na farko har da bugun tufafi, kai ka ce marubucin ya ratsa ta unguwar mabuga. Sai masu sharhi irin su Shehu Dardir suka ƙara wani ƙaidi: ana lissafa waɗannan ne idan mai kaya ya biya wani ya yi masa. Idan shi ya yi da hannunsa, ba zai saka shi a cikin uwar kuɗi ba.

Mai gaggawa zai ce ke nan fiƙihu bai ɗauki aikin mutum a bakin komai ba. Kuskure ne. Abin da ake karewa shi ne gaskiyar kalmar "na kashe". Kuɗin da ka biya marini lamba ce da ta faru, ladan da ka yanka wa kanka kuwa ƙiyasi ne, kuma ba a sayar da ƙiyasi da sunan abin da ya faru. Ƙofar musawama a buɗe take gare ka, ka yanka wa kayanka kuɗin da ka ga ya dace, ka faɗi ladan hannunka da sunansa. Abin da aka rufe shi ne ka ce fata kaɗai ta ci dubu takwas alhali dubu huɗu ka saya, don kana jin kunyar cewa sauran na kwana uku ne da ka yi a sunkuye.

Wannan kuwa shi ne abin da ake yi kullum. "Wallahi ko uwar kuɗi bai kai ba." "Na rantse yanzu wani ya taya fiye da haka na hana." Mun san dalili. Mai sana'a ya gwada faɗin gaskiya an raina ta, sai ya ga rantsuwa ce kawai ke tsayar da mai tayi. Amma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya bayyana cewa rantsuwa takan fitar da kaya ta kuma shafe albarka, kuma a cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama akwai wanda ya rantse bayan la'asar a kan farashin kayansa yana ƙarya, aka gaskata shi aka saya. Abin baƙin ciki ne mutum ya yi wahalar halal ta kwana uku, kuɗin haƙƙinsa ne, sannan ya karɓe shi ta ƙofar haram da jimla ɗaya. Da zai ce fata dubu huɗu, zare da rini dubu ɗaya, aikina na kwana uku dubu tara, da ya faɗi gaskiya, ya kuma jefa wa mai tayi tambayar da ba ta da daɗin amsawa: a cikin ukun nan wanne kake so in yafe maka?

Kafin a faɗa kuwa sai an lissafa, kuma da yawa ba sa yi. Mace za ta ce ta ci riba domin ta sayi yadi da zare dubu uku ta sayar da hula dubu shida. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, hular ta ci mako biyu tana zama awa huɗu kullum. Awa 56 ke nan, daidai da yini bakwai na ma'aikaci. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a Nijeriya a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda idan aka raba shi a kwanakin aiki 22 zai ba da kusan naira 3,200 a yini. Yini bakwai sun haura naira 22,000. Ita kuwa dubu uku ta samu. Ba muna cewa albashin gwamnati ne ma'aunin shari'a ba. Ma'aunin malamai shi ne ladan da aka saba ba wa mai irin wannan aiki da farashin da aka saba sayar da irin wannan kaya, waɗanda Ibn Taimiyya ya yi dogon bayani a kansu a littafinsa na Hisba. Mun kawo lissafin ne don a ga zurfin ramin. Kuma idan abin da aka saba ya ginu ne a kan rashin sanin masu aikin da rashin fitarsu kasuwa, bai cancanci a riƙa kafa hujja da shi kamar wahayi ba. Ga mai zuwa baje koli, a Kaduna ne ko Kano ko Yamai, lissafin ya haɗa da kuɗin rumfa, da mota, da masauki, da abin da ya fashe a hanya, da abin da zai dawo bai fita ba. Wanda ya sayar a can da farashin ƙofar gidansa ya je ne ya raba jarinsa.

Shin akwai iyakar riba? Wasu na yawo da cewa kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku, wasu su ce ɗaya cikin goma. Babu nassi a kan haka. An ba Urwa Al-Bariƙi dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Da farashi ya hau a Madina aka nemi Manzon Allah ya ƙayyade shi, bai yi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta tabbatar da cewa babu wani kaso da aka iyakance wa ɗan kasuwa, tare da kiyaye ladubban sauƙi da wadatar zuci da nisantar algus. Saboda haka gwanin da ya shekara talatin yana koyon abin da wani ba zai iya ba, ya yanka kuɗin da ya ninka na ɗan koyo, bai yi laifi ba. Shekarun nan ma suna cikin kayan. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, da yumɓun da kowace maginiya ke amfani da shi ta fara, hannun ne ya bambanta.

Maganar kashi ɗaya cikin uku daga wani babi ta fito, babin gabanu, wato cutar da wanda bai san farashi ba. Abin da ya shahara a mazhaba, kamar yadda Khalil ya tafi, shi ne ba a warware ciniki don tsada kawai. Ibn Asim na Garnaɗa a Tuhfa ya kawo ra'ayin da ke ba wanda aka cuta damar ƙara idan bai san farashi ba, cutar ta kai sulusi, kuma shekara ba ta wuce ba. Inda ba a saɓa ba shi ne wanda ya miƙa wuya, ya ce ni baƙo ne, ka sayar mini yadda kake sayar wa mutane. Wannan ya ba ka amana. Masu rumfa a Kasuwar Kurmi da wuraren baje koli su kula da wannan, domin al'adar duban takalmin mutum da harshensa kafin a faɗi kuɗi ta yi ƙarfi. Baƙon da ya tsaya ya yi tayi da idonsa a buɗe, abin da kuka daidaita halal ne. Wanda ya dogara da kai, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, farashin 'yan gari ne haƙƙinsa. Kuma wannan hukunci yana aiki ta ɗaya gefen: mai kayan da ya ce wa ɗan sari ka saya yadda kake saye a wurin mutane, shi ma ya ba da amana.

Algus kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Hular da inji ya ɗinka a ce ta hannu ce, roba a ce fatar akuyar Sakkwato ce, rinin kanti a ce na baba ne. Hadisin tulin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa ya wadatar. Mu ƙara da cewa wannan algus cutarsa biyu ce, domin bayan mai saye, yana karya kasuwar duk mai aikin gaskiya. Wanda aka taɓa sayar wa jabu da kuɗin na hannu ba zai ƙara yarda da kowa ba.

Akwai ƙalubalen da ba za mu kauce masa ba. Mai saye ma talaka ne. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 magidanta ke ƙidayar kowace naira, kuma ga kayan inji na waje sun cika kasuwa a kuɗin da hannu ba zai iya gasa da shi ba. Wa'azi ba zai sa mutum ya sayi abin da ba shi da kuɗinsa ba, ba ma kuma ɗora wa kowa laifi don ya sayi tabarmar leda. Amma wanda ba shi da kuɗin kayan hannu yana da hanya mai tsabta: ya ce ya yi kyau, ƙarfina bai kai ba, ya wuce. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya so na hannu a kuɗin na inji, ya kuma aibata shi don ya samu. Kuma mu faɗi gaskiya, waɗanda suka fi tsananta tayi sau da yawa ba su ne marasa shi ba.

Masu sana'a su ma suna karya junansu. Ɗaya ya matsu ya zubar da kaya ƙasa da abin da ya kashe, gobe wannan ya zama farashin kowa. A Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya tarar da Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya ba shi zaɓi tsakanin gyara farashinsa da tashi daga kasuwar. Malamai sun saɓa a kan fassarar labarin, Imam Shafi'i ma ya ruwaito cewa Umar ya koma ya janye umarnin, don haka ba za mu gina wajibci a kansa ba. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne halaccin taimakon juna. Ƙungiyar masu sana'a da ke da asusun rance ga wanda ya matsu, don kada ya kai kayansa kasuwa ranar da ba shi da bakin cewa albarka, ta yi abin da ya fi haɗa baki a ƙulle farashi, wanda shi kuma zalunci ne ga masu saye.

Saura aikin da ake sa wa a yi, wanda malamai ke kira istisna'i, kuma Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta tabbatar a Jidda a 1992 cewa yana ɗaure ɓangarorin biyu idan an bayyana siffar kaya da lokaci. Yawancin rigimar da ke tashi gab da salla daga rashin wannan bayani take. A ba da aiki da "sai ka gama ma yi magana", a gama, mai aiki ya faɗi kuɗi, mai kaya ya ce bai zata ba, zumunci ya ɓaci. Ko a karɓi riga a sa ta a je idi, a bar maɗinki da "za ka ji ni". Hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito ya sanya wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke ya hana lada, a cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su. A yanka kuɗi tun farko, a faɗi ranar karɓa, a ba da kafin alƙalami, idan aikin babba ne a rubuta. Mai aiki kuma da ya karɓi abin da ya san ba zai gama ba, ya riƙa cewa gobe, ya sani jinkirinsa ma cin haƙƙi ne, kuma a mazhabarmu mai sana'ar da ya buɗe ƙofa ga jama'a yana lamunin kayan da aka ba shi idan ya ɓace ko ya lalace a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne.

An ruwaito a Tirmizi cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwarsu. Makarantun Islamiyyarmu, musamman na matan aure, sukan maimaita tsarki da salla shekara da shekaru, littafi ya ƙare musu kafin a iso babin ciniki, alhali da yawa daga cikin ɗaliban nan da zare da allura a jakarsu suke zuwa aji. Muna kira ga shugabannin waɗannan makarantu su ware wa babin ciniki da ijara na Risala zango guda, su karantar da shi da misalin hula da faifai da la'adar dillaliya, su kuma sa kowace ɗaliba mai sana'a ta zo da lissafin kaya ɗaya da ta yi a rubuce: abin da ta saya, awannin da ta zauna, da abin da aka ba ta.